Tsutsar Tibet a kantunan Yamai: me ke cikin jan akwatin nan?

Akwai wani kaya da ake gani yanzu a kantunan magungunan Shinuwa na Yamai, da kuma hannun ƴan kasuwar da ke sauke kwantena daga birnin Gwanzu na ƙasar Sin. Wasu na ce masa tsutsar Tibet, wasu maganin Himalaya. A jikin kwali an rubuta Cordyceps da manyan baƙaƙe, ga hoton dutse mai farin kai, ga baƙin sa mai gashi har ƙasa. Iri uku ake samu. Akwai tsutsar da kanta, busasshiya, an jera ta sahu-sahu cikin jan akwati mai murfin gilashi, an ɗaure da jan zare. Akwai kafso a kwalba. Sai na ƴan ƙananan ledoji da aka haɗa da kafe ko zuma, wanda maza ke saye suna waige-waige.

Na akwati, in mai arha ne, a bar shi inda yake. Kafso yana da hali biyu, sai an karanta kwali. Na leda shi ne mai haɗari. Ba a gane dalilin wannan hukunci sai an san dutsen da abin ke fitowa da abin da yake ci wa mutanen wurin kafin ya sauko.

Wurin da ya fi suna shi ne yankin Nakchu na Tibet, cikin ƙasar Sin, arewa da Lhasa babban birnin Tibet, musamman gundumomin Driru da Sog da ke gabashinsa, sai Yushu da Golog a lardin Qinghai. Garin Nakchu kansa yana sama da doron teku da mita 4,500. Yamai mita 200 ce da ƴan kai, kuma Idukal-n-Tages na Bagzan, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Ka ɗora Bagzan kan Bagzan, ba ka iso kasuwar Nakchu ba tukuna. Iskar da mutum ke shaƙa a can ba ta kai kashi 60 cikin ɗari na ta bakin teku ba. Ruwa na tafasa tun yana digiri 85, shi ya sa abinci ba ya nuna da kyau sai a tukunya mai matse tururi. In aka haɗa zafi da sanyin shekara aka raba, Nakchu tana ƙasa da sifiri, itace ma da ƙyar yake rayuwa a garin.

Ƙaramar hukumar karkara a can, wadda Shinuwa ke ce wa xiang, Tibetawa su ce shang, ta yi kusa da komin ɗinmu: ƴan ƙauyuka da rugage ƙarƙashin ofis guda, da lakwal, da ƙaramin gidan likita. A gabashin Nakchu kusan duk hawa uku ne. Ƙasa akwai kwari da gulbi. Na Driru shi ne Gyalmo Ngulchu, wanda ke gangarawa har ƙasar Bama da sunan Salween. A bakinsa, inda ɗumi ya ɗan samu, ake noma sha'ir. Sama da nan gidajen hunturu. Can ƙoli kuma makiyayar damina, inda ake kafa baƙar bukka ta gashin yak, wato baƙin sa mai gashin nan na jikin kwali. Abincin yau da kullum tsampa ne, garin gasasshen sha'ir da ake kwaɓawa da hannu cikin ƙoƙon shayi mai man shanu da gishiri. Suna da busasshen cuku mai suna chura, ɗan'uwan cukuinmu na Azawak, sai dai ya fi shi tauri. Makamashi kashin dabba ne. Duk wanda ya san rayuwar makiyayan Abalak ko Cintabaraden ba zai yi baƙunta sosai ba, in ban da sanyi. Har taronsu na sukuwar dawaki da ake yi a Nakchu cikin watan Agusta ya yi kama da haɗuwar Ingal: a ga dangi, a yi ciniki, a nuna ado.

A wannan makiyaya ta ƙoli, tsakanin mita 3,000 da 5,000, abin yake fitowa. Wani malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare ke yin ƙwai a ciyawa. Tsutsarsa ta shige ƙasa ta yi shekaru tana cin saiwa. Sai wata funfuna, dangin naman kaza, ta shige jikinta. Gab da hunturu tsutsar ta hauro kusa da saman ƙasa, kai sama, ta mutu a haka. Funfunar ta cinye cikinta ta cika shi da farin zare, amma fatar na nan yadda take. Da ƙanƙara ta narke, sai wani tsinke mai launin ƙasa ya tsiro daga kan tsutsar ya leƙo waje. Daga nan sunan ya samo asali, yartsa gunbu, ciyawar damina tsutsar hunturu. Masana na ce mata Ophiocordyceps sinensis. A riƙe wannan suna, za a buƙace shi wajen karanta kwalba.

Tono yana farawa tsakiyar watan Mayu ya kai ƙarshen Yuni, wata ɗaya da rabi ke nan a shekara. Gida kan tashi gaba ɗaya, a bar tsofaffi da dabbobi. A gundumomin da abin ya yi yawa har hutu ake ba ƴan lakwal, domin yaro ya fi babba ido kuma ya fi shi kusa da ƙasa. Abin da ke leƙowa bai wuce tsinken ashana ba, launinsa ɗaya da busasshiyar ciyawa, don haka da rarrafe ake nema, gwiwa da gwiwar hannu, a gangaren dutse, wani lokaci ƙanƙara na zuba. In an gani, a sa ƴar fartanya a ɗago ƙasar da ɗan nisa, kada tsinken ya rabu da jiki, domin karyayyiya kuɗinta faɗuwa yake. A mayar da ciyawar a danne ramin. Mutum na iya wuni ya sami ƴan ƙwayoyi da ba su cika tafin hannu ba, wata rana ya sauko hannu wofi. Da dare a goge ƙasar da buroshin haƙori, a shanya a inuwa. Wadda aka tono da wuri jikinta cike yake, tsinken gajere, ita ce mai daraja. Wadda ta makara tsinkenta ya yi tsawo ya kumbura, ya zuƙe jikin, in ka matsa sai ka ji fanko.

Cinikin ba na jiya ba ne. Wani masanin magani na Tibet, Zurkhar Nyamnyi Dorje, ya yi bayaninta tun ƙarni na 15, littattafan maganin Sin kuma suka ambace ta a 1694. Da can ana musayarta da shayi da alharini a hanyar fatake da ke bi ta garin Dartsedo, tsakanin Tibet da cikin ƙasar Sin. Sojojin Sin suka shiga garin Chamdo na gabashin Tibet a 1950, Dalai Lama, jagoran Tibetawa, ya fita Indiya a 1959, aka kafa yankin Tibet mai cin gashin kai a 1965. Zamanin gandun gwamnati, abin da aka tono hukuma ake kai wa a kan kuɗin da ta yanke. Sai farkon shekarun 1980 aka raba wa gidaje dabbobi, kowa ya koma sayar da nasa.

Abu biyu suka cilla kuɗinta sama. A 1993 ƴan tseren mata na Sin suka karya tarihin duniya a Bejin, cikinsu har da Wang Junxia a mita 10,000, mai horar da su Ma Junren ya ce sirrin shi ne wannan tsutsa da jinin kunkuru. Masu talla har gobe suna jan wannan labari. Abin da ba sa faɗa shi ne a 2000 an cire shida daga cikin ƴan tserensa daga tawagar Olamfik ta Sidni bayan gwajin jini. Na biyu annobar SARS ta 2003, wata cutar numfashi, lokacin da jita-jita ta bazu cewa tana kare huhu. Daga nan ta zama kayan kyautar manya a biranen Sin, abin da ake kai wa wanda ake neman alfarma wurinsa. An ƙiyasta cewa a 2004 kashi 40 cikin ɗari na tsabar kuɗin da ke shiga hannun mutanen karkarar yankin Tibet daga ita yake. A ƙauyukan Driru da Sog ya fi haka nesa. Moto ya maye gurbin doki, aka gina gidajen dutse, jirgin ƙasa ya iso Lhasa ta Nakchu a watan Yulin 2006. Wasu suka rage garke tun da wata ɗaya da rabi na ciyar da shekara.

Mu da muka ga abin da zinariyar Jado ta yi tun 2014 mun san sauran labarin. Rigima kan iyakar makiyaya tsakanin ƙauye da ƙauye, takardar izinin tono, shinge a hanya don hana baƙi, bashi da caca. A ƙasar Nefal, inda aka halatta cinikin a 2001, an kashe mutum bakwai a gundumar Manang a 2009 kan wurin tono. Yawan tono da ɗumamar yanayi sun sa abin na raguwa, har ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittun duniya ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazana a 2020. Wani abin da zai ba mai karatu sha'awa: dillalan da suka fi riƙe wannan kasuwa, Musulmi ne ƴan ƙabilar Hui. A bakin babban masallacin Lhasa ake ganinsu da fararen huluna da faifan kaya, suna ciniki da yatsu ƙarƙashin ƙyalle, kada na gefe ya ji kuɗin. Daga nan kaya ya wuce birnin Xining na Qinghai, babbar kasuwarsa, sannan Gwanzu.

To yanzu a yi lissafi. A 2017 mafi kyawunta ta haura dalar Amurka 140,000 kilo ɗaya a kantunan Bejin, fiye da ninki uku na zinariya a lokacin. Giram ɗaya ke nan kusan jika 80. Wannan ƙoli ne, a yarda. A raba shi gida goma don ƙaramin aji, giram ya tsaya jika 8. Ana ware aji ne da yawan ƙwayoyi a kilo: manya wajen 2,000, ƙanana su kai 5,000 ko 6,000. Matsakaiciya uku ko huɗu ke yin giram. Akwatin da ke da ƙwaya 30 giram 10 ne kusan, jika 80 a wannan ragaggen kuɗi, ba a sa jirgi ba, ba duwan, ba ribar mai kanti. Saboda haka in mai kanti ya buɗe gilashi ya ce, "Alhaji, wannan ta Nakchu ce gangariya, don kai ne kawo jika ashirin," lissafi ya riga ya ba da amsa. Sunan Nakchu a wannan kasuwa kamar sunan Galmi ne a kasuwar albasa: kowace ja ta Galmi ce a bakin mai sayarwa.

Wanda ya nace sai ya saya, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya ce a kwance zaren, a zube su kan farar takarda, ya zo da sikelin maƙeran zinariya da madubin ƙara girman abu. Mai kantin da ya ƙi a kwance zare ya gama magana.

Ta gaskiya tsawon jikinta santimita 3 zuwa 5, launin rawaya mai duhu zuwa ruwan ƙasa, da zobba 20 zuwa 30 a gadon baya, waɗanda ke kusa da kai sun fi sirantaka. Juya cikinta: ƙafafu takwas-takwas a kowane gefe, uku ƙanana kusa da kai, huɗu na tsakiya da suka fi fitowa, ɗaya a wutsiya. Tsinken daga tsakiyar kai yake fita, guda ɗaya, ba alamar manni a gindinsa. Ƙamshinta na naman kaza ne da ɗan ƙarni. Sai a biya kuɗin guda a karya ta. Ya kamata ta karye ƙas, cikin fari ko ruwan madara, cike, da wani ɗan duhu a tsakiya mai kama da harafin V, ragowar hanjin tsutsar. Sannan ka dubi sahun duka. Halitta ba ta yin talatin masu tsawo ɗaya da lanƙwasa ɗaya. In duk kamarsu guda, daga ma'auni guda aka zubo su.

Ha'incin kala-kala ne, kowane da inda ake kama shi. Na fulawa ko garin farar ƙasa da aka zuba a ma'auni aka shafa launi: ya fi nauyi, karyarsa sumul ba V, kuma minti goma cikin ruwan ɗumi launi zai fita, jiki ya yi laushi, tsinken ya ɓalle. Akwai wata saiwar tsiro mai zobba da ke kama da tsutsa, ita ba ta da ƙafa ko ɗaya. Akwai dangin funfunar da ke fitowa a wasu tsutsotsi na ƙananan duwatsu, su ne masu wuyar ganewa, amma ƙafafun tsakiya ba su fito sosai ba, wani lokaci tsinken ya yi reshe. Sai ha'incin da ake yi wa ta gaskiya. Karyayyu biyu a haɗa su da tsinken sakace ko gam, in ka ja a hankali za ka ga layin. A fesa ruwa don nauyi, ita wannan lanƙwashewa take maimakon karyewa, kuma cikin mako za ta yi fari-fari. Mafi muni, a cusa siririyar waya ko garin dalma a ciki. Maganaɗisu na kama ƙarfe, ba ya kama dalma, don haka sikeli ne alƙali: ƙwayar da girmanta na kashi uku cikin goma na giram ne amma ta auna rabin giram, da baƙo a cikinta. Manyan dillalai a Sin har na'urar hoton ƙashi suke sa kaya a ciki saboda wannan.

Akwai wadda za ta ci duk waɗannan gwaje-gwaje ba ta taɓa ganin Tibet ba. Shekaru goman nan wani kamfani a lardin Hubei na Sin yana kiwon tsutsar a ɗakunan sanyi yana sa mata funfunar. Ba jabu ba ce, halittar ɗaya ce, sai dai kuɗinta bai kai na dutse ba. Laifin kawai a sayar maka da ita da sunan ta Driru.

Ko ta gaskiyar ma tana da nata. A watan Fabrairun 2016 hukumar abinci da magunguna ta Sin ta sanar cewa ta sami sinadarin arsenik mai guba miligiram 4.4 zuwa 9.9 a kowane kilo, alhali iyakar da aka yarda a kayan ƙarin lafiya miligiram 1 ne, ta kuma gargaɗi masu sha na dogon lokaci. Kundin magungunan Sin ya sa awo giram 3 zuwa 9 a rana. Giram 3 wajen ƙwaya goma ne. Mai akwati guda na kwana uku ya saya. Wanda ke jefa ɗaya a shayi ran Juma'a ado yake yi.

Kafso ba tsutsa a ciki, kuma wannan ba aibi ba ne in an faɗa. Zaren funfuna ne da ake rainonsa cikin manyan tankuna, a busar, a niƙa. Wanda aka fi sani shi ne Cs-4, a kwali za ka ga Paecilomyces hepiali, wani kuma Hirsutella sinensis. Akwai kuma Cordyceps militaris, mai launin lemo kamar an tsoma a manja, wanda ake nomawa a kan shinkafa cikin kwalabe, a Sin ma a miya ake zuba shi don arharsa. Yawancin binciken da aka yi kan mutane da irin na tanki aka yi shi, musamman ga masu ciwon ƙoda da na numfashi, a matsayin ƙari kan maganin likita, kuma binciken ƙanana ne. Kwalba mai gaskiya za ta faɗi wanne ne a ciki, miligiram nawa a ƙwaya, lambar rukunin da aka yi, ranar lalacewa, da adireshin masana'anta. Wadda ta sa hoton tsutsa da dutse ta ce daga daji aka tono, ƙwaya 60 a kuɗin buhun gawayi, ta yi ƙarya tun a murfi, me zai sa a yarda da abin da ke ciki? A kuma tambayi ɓawon kafson. Da yawa da gelatin ake yi, wanda kan fito daga fatar alade, sai in an rubuta na tsiro ne ko an sa hatimin halal. Masu ruwa-ruwa a ƙananan kwalabe, wasunsu cikin giya aka jiƙa. Ita tsutsar, mai cin soyayyar fara ba zai yi ƙyama ba, hukuncinta kuma a tambayi malam.

Na leda shi ne wanda bai kamata a kai baki ba. Funfunar nan ba ta aiki cikin awa guda, ko masu maganin gargajiya na Tibet ba su ce haka ba. Kafen da aka sha bayan isha'i ya nuna kansa kafin a kashe fitila, wani abu aka zuba. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan kafe da zuma da sildenafil a ciki, wato sinadarin Viagra, ba a rubuta ba, ba awo. Alamarsa ciwon kai, zafin fuska, toshewar hanci, wani ya ga haske ya koma shuɗi-shuɗi. Ga mai shan maganin ciwon ƙirji na zuciya, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, haɗuwar biyun na iya faɗar da jini har a rasa rai. Mai buƙatar wannan magani ya je wurin lokotoro a auna shi, ya saya a farmasi da sunansa da awonsa.

Ko na tankin mai gaskiya, mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon suga da ke kan magani, wanda aka yi wa dashen ƙoda, da mai ciki, kada su fara sai sun nuna wa lokotoro kwalbar. Wanda za a yi wa aiki ya daina mako biyu kafin ranar.

Saura ajiya, ga wanda aka kawo wa ta gaskiya tsaraba. Abin da ya saba da busasshen sanyi ne, Yamai kuwa zafin Afrilu na haura digiri 40, Agusta ga laima. Jan akwatin nan iska na shiga, kada a bar ta ciki. A raba ta kashi-kashi na mako guda, kowane a leda mai zik da ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalma, a zuba ledojin a kwalbar gilashi mai murfi, a sa can cikin firji wajen ƙanƙara. A riƙa ciro leda ɗaya, a bari ta huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kai. Unguwar da wuta ke yawan ɗaukewa, narkewa da daskarewa sun fi zafin ɓarna, gara a busar da ita sosai a inuwa a ajiye kwalbar a ɗaki mai duhu, a duba duk mako. Farin gashi a jiki ko ɗan gari a gindin kwalba na nufin funfunar banza ko ƙwaro ya shiga, a zubar. Wajen dafawa a goge da buroshi mai laushi, a ɗauraye da ruwan sanyi sau ɗaya ba jiƙo. Shinuwa da agwagwa suke turara ta, zabo ma ya yi: ƙwaya biyar ko shida, a jefa su rabin awa kafin a sauke, wuta ƙasa-ƙasa, murfi rufe, a sha romon a tauna tsutsar.